Wasa Ko Karatu? Sharhi Kan Koyar Da Lissafi Da Sanin Halittu A Ajin Nazare

Akwai ƙorafin da ake yawan ji a bakin iyaye masu 'ya'ya a nazare, musamman in zango ya ƙare aka dawo da littattafai gida. Uba ya buɗe littafin ɗansa mai shekara huɗu ya tarar da 'yan shafuka kaɗan aka rubuta, ya tambaye shi me suke yi a makaranta, yaro ya ce, "Wasa muke yi da anti." Nan take rai ya ɓaci, domin ga ɗan maƙwabci can a wata makaranta yana zuba ɗaya zuwa ɗari da Turanci ba gargada. A ɗaya gefen kuma ga makarantun da suka mai da kalmar wasa abin talla, sun cika haraba da lilo da kayan roba masu launi, amma in ka leƙa ajin ba za ka iya faɗin abin da yaran ke koyo ba. Tsakanin waɗannan biyun ruɗani ya shiga, har ana ganin dole ne a zaɓi ɗaya, ko wasa ko karatu. Abin da wannan sharhi zai nuna shi ne lissafi da sanin halittu ta hannu da ido suke fara shiga kan ƙaramin yaro, don haka wasa hanya ce ta gaske, amma da sharaɗin akwai malamin da ya san inda yake son kai yaran.

Ma'anar kalmomin

Nazare kalmar Turanci ce da asalinta ke nufin ɗakin renon yara. A wajenmu ta zama sunan ajujuwan 'yan shekara uku zuwa biyar, kafin firamare. Kindagatin kuwa daga Jamusanci ta fito, ma'anarta lambun yara. Lissafin farko da ake magana a kai ya fi tarawa da ɗebewa a takarda faɗi: ya haɗa da ƙirga, da gane wanne ya fi yawa, da sanin siffofi, da awo, da gane jeri irin na ja, fari, ja, fari. Sanin halittu shi ne yaro ya lura da tsiro da ƙwaro da ruwa da inuwa, ya yi tambaya, ya gwada ya ga abin da zai faru.

Kalmar da ta fi buƙatar warwara ita ce wasa kanta. A Hausa tana da fuska biyu. Akwai wasan yara, akwai kuma wasa da ke nufin sakaci, kamar inda ake cewa wane ya yi wasa da damarsa, ko aikin nan ba wasa ba ne. Idan uba ya ji ana wasa a aji, fuska ta biyu ce ke fara zuwa masa, kuma ba a ga laifinsa ba. Masanan renon yara kan raba abin gida uku. Na farko wasan da yaro ke yi don kansa, babu mai sa shi babu mai hana shi, irin su tuwon ƙasa da motar kara. Na biyu koyarwa kai tsaye, malama na faɗi yara na amsawa. Na uku shi ne wasa mai jagora, inda malama ta shirya kaya da wuri da wata manufa a ranta, yaro ya yi da hannunsa yadda ya ga dama, ita kuma tana gefe tana jefa tambayar da za ta ja hankalinsa zuwa ga abin da take son ya gano. Wannan na ukun shi ne abin da muhawarar ta ginu a kai, kuma shi ne aka fi rashin fahimta.

Inda tunanin ya samo asali

Friedrich Froebel, wani malami Bajamushe, shi ya raɗa sunan kindagatin a 1840 ga makarantar da ya buɗe a garin Bad Blankenburg. Kayan koyarwarsa ƙwallayen ulu ne da guntayen katako masu siffofi daban-daban, sa'annan ya ware wa yara 'yan fegi a lambu su shuka su kula. Tun daga tushe ke nan lissafi da sanin halittu tare suka taso. A 1907 Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, ta ƙera sanduna masu tsawo daban-daban da lambobi na takarda mai kaushi domin yaro ya shafa da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Yana da kyau a lura cewa da 'ya'yan leburori ta fara, domin a yau sunanta ya zama tambarin makarantun masu kuɗi.

A Najeriya ma koyarwa ta hanyar wasa ba baƙon abu ba ne a takarda. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabunta ta har zuwa bugun 2013, ta lissafa cikin manufofin wannan mataki koyar da tushen lambobi da haruffa da launuka da siffofi ta hanyar wasa, da cusa wa yaro son bincike ta hanyar lura da halittu da muhalli. Bugun 2013 ya shigar da shekara ɗaya ta share fagen firamare cikin ilimin bai-ɗaya, ya kuma ƙayyade malami ɗaya ga yara 25. Makarantar da ke zaunar da 'yan shekara huɗu suna kwafar lambobi tun safe har azahar, ita ce ta saki layin hukuma.

Yadda lamba ke shiga kan yaro

Nan ne zuciyar maganar. Iya faɗin lambobi a jere daban, sanin ƙirga daban. A zuba ƙwallon dabino goma a gaban yaro ɗan shekara uku wanda ya iya rera ɗaya zuwa ashirin, a ce masa, "Ba ni biyar." Sau da yawa sai ya dumbuzo cikin hannunsa ya miƙa. In aka ce ya ƙirga, za a ga bakinsa ya fi yatsansa sauri, ya taɓa ɗaya sau biyu, ya tsallake wani. In ya ƙirga daidai ya kai biyar aka tambaye shi, "To, nawa ne ke nan?" sai ya sake farawa daga ɗaya, domin bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin duka tarin ba. Masaniya Karen Wynn ta yi irin wannan gwaji a Amurka a farkon shekarun 1990, ta ga yara kan ɗauki kusan shekara guda tsakanin iya jero lambobi da gane abin da suke nufi, kuma ɗaya bayan ɗaya suke kama su: su gane ɗaya, bayan watanni su gane biyu, sa'annan uku, kafin abin ya buɗe musu gaba ɗaya. Tun a 1978 Rochel Gelman da C. R. Gallistel suka fayyace ƙa'idojin da yaro zai kama kafin a ce ya iya ƙirga: kowane abu lamba ɗaya, jerin lambobi ba ya sauyawa, lambar ƙarshe ita ce adadi, komai na ƙirguwa, kuma ta ko'ina aka fara adadin ba zai canza ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake samu ta kwafar lamba daga allo. Sai yaro ya taɓa, ya matsar, ya yi kuskure, ya sake.

Shahararren gwajin Jean Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, ya ƙara haske. A jera marafan kwalba shida a sama, shida a ƙasa, daidai wa daida. Yaro zai ce ɗaya suke. A baza na ƙasa a gaban idonsa su yi tsawo, sai yara da yawa 'yan ƙasa da shekara shida su ce na ƙasa sun fi yawa. Masana na baya sun nuna cewa yadda aka yi tambayar na da tasiri, kuma yara sun fi yadda Piaget ya zata ganewa, amma darasin na nan: idon yaro na iya rinjayar ƙirgarsa, kuma ba ya warkewa daga wannan sai ya yi ta jujjuya abubuwa da kansa har ya tabbatar shida shida ce, a tare take ko a baje.

Akwai kuma wata dukiya da makarantunmu ke zubarwa, wato ƙirgar Hausa kanta. Bahaushe na cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, ashirin da uku. Tsarin goma-goma a fili yake cikin kalmomin, yaro na jin goma yana jin abin da aka ɗora mata. Sunayen da Turanci ya ba 11 da 12 ba su nuna goma ko kaɗan, haddace su kawai ake yi, kuma binciken da ya kwatanta yaran Sin da na Amurka ya nuna daidai nan ne masu ƙirga da Turanci ke fara tuntuɓe. Har ɗebewa tana cikin bakinmu, domin wanda ya ce ashirin ba ɗaya ko talatin ba biyu ya riga ya yi lissafi. Yaron da aka fara wa ƙirga da harshen da bai ji ba an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, ga baƙin sauti ga baƙon tunani. In ya kama ma'anar bakwai da Hausa, ba shi sunanta na Turanci aikin 'yan kwanaki ne.

Abin da bincike ya nuna, da inda ya ja kunne

A 2007 Greg Duncan da abokan aikinsa suka haɗa bayanan manyan bincike shida da suka bi yara shekara da shekaru a Amurka da Birtaniya da Kanada. Sun ga cewa cikin abubuwan da yaro ke shiga makaranta da su, fahimtar lissafi ce ta fi nuna yadda karatunsa zai kasance nan gaba. Wannan alaƙa ce aka gani, ba hujjar cewa ita ce sanadi ba, amma ta isa ta nuna abin ba ƙarami ba ne. A 2008 Robert Siegler da Geetha Ramani suka gwada wani wasa mai sauƙi da 'ya'yan marasa ƙarfi a Amurka: gidaje goma a layi ɗaya, an rubuta 1 zuwa 10, yaro na matsar da ɗansa yana faɗin lambar gidan da ya taka. Zama huɗu na kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin cikin mako biyu ya inganta ƙirgarsu da gane wace lamba ta fi girma, kuma bayan mako tara ribar na nan. Waɗanda suka yi wasa iri ɗaya da launuka a maimakon lambobi ba su sami wannan ribar ba. A 2022 masana a Jami'ar Kambirij suka tattara bincike 39 da suka shafi yara kusan 3,800 'yan shekara uku zuwa takwas, suka ga wasa mai jagora ya fi koyarwa kai tsaye tasiri wajen lissafin farko da sanin siffofi, ko da yake ba a ga irin wannan fifiko a kowane fanni ba.

Sai dai akwai binciken da ya kamata duk mai goyon bayan wasa ya tsaya a kansa. A birnin Delhi na Indiya, wata tawaga da ta haɗa da Elizabeth Spelke da Esther Duflo ta gwada wasannin kwatanta yawa da siffofi da yara sama da 1,500 a makarantun share fage sama da 200, na tsawon wata huɗu. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna yaran sun ƙware wajen gane yawa da ido, kuma ƙwarewar ta daɗe, amma da suka shiga firamare ba ta fito a lissafin aji na lambobi rubutattu ba. A ganina wannan shi ne darasi mafi muhimmanci a duk maganar. Wasa ba ya haifar da lissafin makaranta da kansa. Sai an gina gada tsakanin tarin duwatsu biyar, da kalmar biyar, da alamar 5 a rubuce, kuma malama ce mai gina gadar. Wasan Siegler ya yi aiki ne domin ƙafar ɗan wasan na sauka a kan lamba rubutacciya, baki na faɗinta.

Bayan aji da tsakar gida

Sanin halittu ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. A ba kowane yaro gwangwanin madara da aka huda gindinsa, ya zuba ƙasa, ya binne ƙwayar wake. A ajiye wasu a rana, wasu cikin kwali mai duhu, wasu a hana su ruwa. Cikin 'yan kwanaki tsiro zai ɓullo, kowace safiya yara su zo su auna da tsinken tsintsiya, su karya shi daidai tsawon shukar, a jera tsinkayen a bango. Na cikin duhu zai fito dogo, siriri, fari-fari, wanda aka hana ruwa ba zai fito ba. Malama ba ta buƙatar lacca. Tambaya ce tata: "Me ya sa wannan ya yi haka? Wanne ya fi tsawo yau? Ganye nawa ya ƙaru?" A wannan gwangwani ɗaya an yi awo, an yi ƙirga, an kwatanta, an kuma ɗanɗana abin da ake kira gwaji a kimiyya, wato a sauya abu ɗaya a ga bambanci. Haka inuwar sanda da aka kafa a fili, a zana ƙarshenta da hantsi, a sake zanawa da rana tsaka. Haka layin tururuwa a gindin katanga, da tana da ke fitowa bayan ruwan sama, da ganyen darbejiya da na mangwaro da na zogale a ware kowanne da danginsa. Ware abubuwa iri-iri shi ne mafarin lissafi da kimiyya baki ɗaya.

Wasanninmu na gida ma cike suke da wannan. Mai 'yar carafke tana kwasar duwatsu ɗaya-ɗaya, sa'annan biyu-biyu, sa'annan uku-uku. Mai 'yar galagala tana bin gidaje a jere, in aka rubuta lambobi a cikinsu da gawayi an sami wasan Siegler a ƙasa ba ko kwabo. Yaran da ke wasan kasuwa da yashi, suna gano gwangwani nawa ke cika kwano, suna hanyar fahimtar mudu da tiya. Abin kula kawai shi ne lafiya: ƙananan ƙwayoyi ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, domin sukan kai baki ko hanci, kuma kafin a saki yara a bayan aji a duba kunama da fasassun kwalabe da ruwan da ya kwanta.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce ta hadda. Ana cewa ai mu da hadda muka tashi, yaro kan haddace Alƙur'ani tun bai san ma'ana ba, ma'ana ta zo daga baya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a nan, domin ƙwaƙwalwar yaro na da ƙarfin riƙo, kuma jerin lambobi kansa haddace shi ake yi, babu wata dabara. Amma manufofin biyu sun bambanta. Haddar Alƙur'ani tana kiyaye lafazi ne yadda ya sauka, ba ƙari ba ragi, don haka riƙon kansa abin nema ne. Lamba kuwa kayan aiki ce kamar fartanya, amfaninta a yi aiki da ita. Yaron da ya haddace "biyu da uku biyar" amma bai iya raba alawa biyar tsakaninsa da ƙaninsa ya faɗi nawa kowa ya samu ba, bai riƙe komai ba tukuna.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta cunkoso. Malama ɗaya da yara sittin ko fiye a ɗaki ɗaya, ba mataimakiya, ta yaya za ta zagaya tana yi wa kowa tambaya? Rera lambobi baki ɗaya shi ne abin da ke riƙe irin wannan aji, kuma zargin malamar zalunci ne. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce wasa mai jagora ya fi koyarwar allo wahala. Yana buƙatar malama ta san matakan da yaro ke bi, ta gane daga kuskurensa inda ya tsaya, ta shirya kaya tun kafin yara su iso. Ana iya rage nauyin ta raba aji rukuni-rukuni, wasu na jera marafai wasu na awon yashi ita tana tare da rukuni ɗaya, amma wannan ba ya maye gurbin ɗaukar malamai da horar da su. Al'adar tura wanda ya fi ƙarancin horo da albashi zuwa nazare, da tunanin ai yara ne kawai, ita ce babbar ɓarna. Batun tsadar kaya kuwa ba hujja ba ce, tunda marafan kwalba da 'ya'yan tsamiya da karan dawa sun wadatar.

Hujja ta uku daga iyaye take, kuma wani bincike a Ghana ya nuna ƙarfinta. A makarantu 240 na yankin Accra an horar da malaman kindagatin kan koyarwa ta wasa, aji ya inganta, shirin yara na shiga firamare ya ƙaru. Amma a makarantun da aka ƙara da tarurrukan wayar da kan iyaye, ribar da yaran suka samu ta ragu maimakon ta ƙaru. Wannan na nuna cewa taro da jawabi ba su isa su sauya abin da uba ke ɗauka karatu ba. Shi kuɗi ya biya, yana son shaida, kuma littafi cike da rubutu shaida ce da ake iya riƙewa a hannu. Mai makarantar kuɗi ya san haka, shi ya sa yake ba 'yan shekara uku aikin gida. Hanyar da ta rage ita ce a ba uba wata shaidar da ta fi wannan: a gayyace shi aji ya ga 'yarsa ta raba marafai goma sha biyu tsakanin yara uku ta faɗi rabon kowa. Gani ya kori ji.

Abin da zai iya biyo baya

Gaggawar mai da nazare ƙaramar firamare na iya ba da sakamako mai daɗin gani da wuri wanda ba ya ɗorewa. A jihar Tennessee ta Amurka an bi yara kusan 3,000 daga gidajen marasa ƙarfi, wasu sun sami gurbin share fage na gwamnati ta hanyar ƙuri'a wasu ba su samu ba. Da farko waɗanda suka shiga sun yi gaba, amma rahoton 2022 ya nuna zuwa aji shida sun koma bayan takwarorinsu a lissafi da karatu da kimiyya, kuma an fi samun su da matsalar ladabi. Binciken bai tabbatar da dalili ba, sai dai ɗaya daga cikin masu shi, Dale Farran, ta nuna zargi ga yawan zaunar da yara ana ba su darasi irin na manya. A wajenmu alamar da malaman firamare suka sani ita ce yaro mai zuba lambobi kamar ruwa wanda ke tsayawa cak ranar da aka zo ɗebewa mai aro, domin bai taɓa ganin goma a matsayin ɗauri guda da za a iya kwancewa ba. Daga nan tsoron lissafi ke farawa, ya bi shi har sakandare. Makarantar da ta saki yara a lilo ba jagora ita ma ta cuce su, musamman 'ya'yan gidajen da babu mai zama ya ƙirga da su.

Don haka duk uba ko uwar da ke son sanin ko nazaren ɗansu na aiki, su ajiye littafin tukuna. A zuba ƙwallon dabino goma a tabarma a ce ya ba da bakwai, a baza bakwai ɗin a tambaye shi ko sun ƙaru, a rubuta 7 da 4 a ƙasa a ce ya nuna wadda ta dace da tarin. Sa'annan a je makarantar a tambayi malama me yaran suka shuka a wannan zangon, kuma yara nawa take riƙe da su ita kaɗai.